Gayyar Turba: tambayoyin da ake yawan yi min kan aikin gina hanyoyin keken dutse

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara fita aikin nan, duk inda muka haɗu da 'yan uwa a nan yankin Siyatil na Amurka, ko wajen suna ne ko bayan an idar da Juma'a, tambayoyin dai su ne su ne. Wasu da gaske suke son shiga, wasu kuma tsokana ce kawai ta kawo su. Shi ya sa na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa, wanda ya sake tare ni a bakin masallaci sai in ce malam je ka karanta. Ni ba injiniya ba ne, ɗan gayya ne mai riƙe fartanya, abin da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Wai shi keken dutsen nan mene ne bambancinsa da keken da muka sani?

Keke ne dai, feda biyu taya biyu, amma an yi shi ne don inda babu kwalta. Tayarsa faffaɗa ce mai haƙora don ta kama ƙasa, yana da shokazoba a gaba, masu tsadar har da baya, birkinsa na faifai ne irin na babur, giyarsa kuma tana da laushin da za ka hau tudun da ko da ƙafa sai ka yi haki. Duk wanda ya taɓa tuƙa Raleigh ko Phoenix a hanyar gona ya san yadda rami yake dukan mutum tun daga sirdi har ƙoƙon kai, to wannan shi yake shan dukan a madadinka.

Abin ya faro ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda wasu samari suke ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi su gangaro da su daga kan dutse. A 1976 suka fara tseren da ake kira Repack kusa da garin Fairfax, sunan kuwa ya samo asali ne daga yadda giris ɗin birkin baya yake ƙonewa kafin a iso ƙasa, sai an sake cusa sabo. Joe Breeze ya ƙera keke na farko musamman domin wannan harka a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a Atlanta.

Turbar da kuke hawa a daji, ba gwamnati ce take yin ta ba?

Ƙasar ta gwamnati ce galibi, amma zufar ta jama'a ce. Turba siririyar hanya ce, faɗinta bai wuce na mutum ɗaya da kekensa ba, tana bin jikin dutse cikin bishiyoyi. A nan jihar Washinton babbar ƙungiyar da ke wannan aiki ita ce Evergreen Mountain Bike Alliance, wadda ta faro a 1989 da wani sunan daban. Duthie Hill, wani wurin hawan keke da ke kusa da garin Issaquah, filin gundumar King ne, an buɗe shi a 2010, kuma hannun 'yan sa kai ne ya yi mafi yawan abin da ke ciki. Dutsen Tiger kuwa yana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jiha. Har ƙarƙashin gadar babban titin I-5 a cikin birni an yi wurin hawa, ana ce masa Colonnade, motoci suna wucewa a samanka kai kana ƙasa kana fama da duwatsu.

Tsarin shi ne hukuma ta ba da izini ta sa ido, ƙungiya ta kawo mutane da kayan aiki. Manyan ayyuka akwai ƙwararrun da ake biya suna shiga da ƙaramar motar haƙa, amma gyaran yau da gobe, kwashe magudanai, sassabe, cike rami, wannan na 'yan gayya ne.

Ka baro gida ka zo Amurka kana noma kyauta? Nawa ake biyanku?

Ko sisi. Wannan tambayar ta fi kowace yawa, kuma yawanci da dariya ake yin ta. Amsata ita ce gayya ce, ba wani sabon abu ba. Yadda a ƙauye ake sa rana a taru a nome gonar wani ko a gyara hanyar kasuwa da ruwa ya cinye, mai gayya ya kawo fura da tuwo, haka nan ma, sai dai a nan kofi ne da dunat. Kuma gonar da kake nomewa kai ma kana ci a ciki, tunda gobe kai za ka hau turbar.

Akwai ɗan ihsani dai. Jihar tana ba wanda ya cika awa 24 a ayyukan da ta amince da su katin Discover Pass kyauta, wato katin da ake ajiye mota da shi a filayen jiha. Amma in don katin za ka zo, gara ka saya kawai, ya fi sauƙi a kan kwankwasonka.

Ban taɓa yi ba, ba ni ma da keken. Zan iya zuwa? Me zan zo da shi?

Zo. Ranar aiki ba keke ake hawa ba, da ƙafa ake shiga. Ka sa takalmi sau-ciki mai ƙarfi, ba silifas ba don Allah, da dogon wando wanda ba ka jin ciwon ya ɓaci, da rigar ruwa, da safar hannu in kana da ita. Ruwan sha da abin taɓawa a jakar baya. Kayan aiki da hular kwano ana bayarwa. Za a ba ka takarda ka sa hannu kafin a fara, kada ka ƙi, dalilin yana cikin amsar tambayar kuɗi can ƙasa.

Kuma wanda ya tashi yana riƙe fartanya a gida ya riga ya fi rabin mutanen wajen iya aiki, wallahi ba zolaya ba. Akwai masu aikin kwamfuta da za ka ga sun riƙe diga kamar za ta cije su.

Yaya ranar aikin take tafiya?

Yawanci Asabar ko Lahadi ne, a haɗu wajen ajiye motoci da hantsi, a tashi bayan azahar, awa huɗu zuwa biyar. Shugaban tawaga zai fara da bayanin kiyaye haɗari, sannan kowa ya ɗauki kayan aiki ɗaya ko biyu a jera a shiga daji, wani lokaci tafiyar minti goma wani lokaci ta kusa awa. A can sai a raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu, kowace ƙungiya da wanda ya san aikin. Ba wanda zai tsaya a kanka yana ƙirga maka, in ka gaji ka zauna a kan kututture ka sha ruwa. Abin da ba a wasa da shi shi ne tazara, ka bar kamar mita uku tsakaninka da mai sara, in za ka wuce ta bayansa ka yi magana ka jira ya dakata. Kayan aiki kuma a gefe ake riƙe shi ta ɓangaren gangare, kaifin yana kallon ƙasa, ba a kafaɗa ba kamar yadda muke saɓa fartanya in za mu gona. Wannan ɗabi'ar sai da aka yi ta yi min magana kafin na bari.

Waɗanne kayan aiki ake amfani da su?

Shebur, diga, baro, bokiti, adda, almakashin sassabe, duk ka san su. Baƙin su biyu ne, kuma dukkansu daga wajen masu kashe gobarar daji aka aro su. Na farko McLeod, gefe ɗaya manjagara ce mai manyan haƙora, ɗaya gefen faffaɗar fartanya, in ka tsayar da shi kuma ka daddaɓe ƙasa da shi kamar madaɓi. Sunan wani ma'aikacin gandun daji ne, Malcolm McLeod, da ya ƙirƙiro shi a 1905. Na biyu Pulaski, gatari a gefe ɗaya, 'yar siririyar fartanya a ɗaya gefen, shi ne maganin saiwa. Shi ma sunan mutum ne, Ed Pulaski, wanda ya yi suna a babbar gobarar dajin 1910 a jihar Idaho.

Zarto mai inji kuwa ba kowa ake bari ya taɓa ba, duba tambayar faɗuwar bishiya.

Me ya sa kullum maganarku ruwa, ruwa?

Saboda shi ne aikin gaba ɗaya. Mutane suna ɗauka tayar keke ce take cinye turba, tana ci ɗin kam, amma ba ta kai ruwa ba ko kusa. Duk wanda ya ga yadda hanyar ƙafa a ƙauye take zama kwazazzabo cikin damina biyu uku ya riga ya gane karatun. Hanya tana ɗan lotsawa saboda takawa, ruwan sama ya sauka ya ga ya samu kwata, ya bi ta, yana tafiya yana ƙara gudu yana kwasar ƙasa, shekara ta zagayo ka tarar da rami mai saiwoyi a waje. Mai gina turba ba abin da yake yi illa lallashin ruwa ya tsallaka hanyar ya wuce abinsa, kada ya bi ta.

Wani abin mamaki, ruwan da ke sauka a cikin birnin Siyatil a shekara bai wuce kamar milimita 1,000 ba, na Jos ya fi shi. Bambancin shi ne namu na gida a 'yan watanni yake zuba da ƙarfi ya ɗauke, na nan kuwa yayyafi ne marar ƙarewa, kwana wajen 150 a shekara, daga Oktoba har a shiga bazararsu ƙasa ba ta bushewa. In ka matso gindin duwatsun Cascade kuma ruwan ya fi na cikin gari yawa sosai. Ga kuma maganar kifin salmon, wanda yake hawowa ƙananan rafukan nan ya yi ƙwai a cikin tsakuwa, in laka ta gangaro ta rufe tsakuwar ƙwan ya mutu. Shi ya sa duk aikin da ya kusanci rafi hukuma take tsananta ido a kai.

Ranar da na fara jin daɗin aikin nan da gaske, wata 'yar magudana ce na fafe a gefen turba, faɗinta kamar tabarma, na share ganye na karkata bakinta. Muna shirin tafiya aka kece da ruwa, na tsaya a ƙarƙashin bishiya ina kallo, ruwan ya taho a guje ta tsakiyar hanya, yana isowa wurin ya karya kwana ya fita ya bi daji, ƙasan wurin kuwa ko ɗigo bai wuce ba. Na jiƙe sharkaf amma sai da aka kira ni sau biyu kafin na bar wajen.

To wace ƙa'ida ake bi wajen shata turbar?

Akwai ƙa'idojin da ƙungiyar IMBA ta yaɗa, ita ce uwar ƙungiyoyin keken dutse, an kafa ta a 1988 lokacin da ake ta rufe wa masu keke hanyoyi a Kalifoniya. Gangare da kashi cikin 100 ake auna shi, in an ce kashi 10 ana nufin duk tafiyar mita 100 ka hau mita 10. Akwai wani ɗan ma'auni da ake leƙawa da ido ɗaya, kilinomita, shi ake amfani da shi, don ido kaɗai maƙaryaci ne a jikin dutse.

Ta farko ita ce ƙa'idar rabi, gangaren turba kada ya wuce rabin gangaren dutsen da take ratsawa. Dutse mai kashi 20, turbarsa kada ta haura kashi 10, in ta haura ruwa zai bar dutsen ya bi ta. Ta biyu, in an haɗa tsawon turbar duka, matsakaicin gangarenta ya tsaya wajen kashi 10. Ta uku, a ɗan karkata fuskar turbar kamar kashi 5 zuwa ɓangaren kwari, yadda ake karkata rufin soro zuwa indararo. Ta huɗu kuma wadda ni na fi ganin amfaninta, kada a bar turba ta yi ta gangara a miƙe, a riƙa sa mata ɗan kwari da ɗan tudu akai-akai, ko ruwa ya hau ta dole ya sauka a kwarin farko. Kuma wannan hawa da saukan shi ne daɗin tuƙin ma, abin da ke kare ƙasa shi ne ke sa mai keke murmushi.

Mafi munin turba ita ce wadda ta miƙe daga ƙolin dutse zuwa gindi kai tsaye, don hanyar ruwa ce aka share masa. Inda ba makawa sai an yi tsananin gangare, sai a shimfiɗa manyan duwatsu a binne su rabi, inda fadama ce kuma a yi gadar katako, galibi da itacen sida ja na yankin nan saboda ba ya saurin ruɓewa.

Ƙasa ba ƙasa ba ce? Me ya sa ake zuwa nesa a ɗebo?

Ni ma haka na ɗauka. Ranata ta farko aka nuna min wani rami a tsakiyar turba aka ce in cike, na ga baƙar ƙasa lukui a gefe mai laushi kamar taki, na ce alhamdulillahi, kafin minti goma na cike na daɓe na tsaya ina jiran yabo. Shugabar tawagarmu, wata dattijuwa da ta haura sittin, ta zo ta damƙi ƙasar a hannu ta matse ta buɗe, ta warware kamar garin kwaki. Ta je wani rami can cikin daji ta damƙo wata mai ruwan zuma ta matse, ta dunƙule kamar curin fura. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai miƙo min shebur, na kwashe abin da na zuba tas.

Baƙar ƙasar saman nan ruɓaɓɓen ganye ne da allurar bishiyoyi, tana shan ruwa kamar soso, ba ta daɓuwa har abada. Wadda ake so tana ƙarƙashi, mai ɗan yumɓu da tsakuwa, kwatankwacin marmara a wajenmu. Sai an haƙa rami nesa da turba, ɗan ƙaramin kududdufi ke nan irin wanda magina suke bari a bayan gari, a yi ta jido da bokiti. In an gama a cike ramin da rassa da baƙar ƙasar da aka ture, a maida ciyayin da aka cire, yadda mai wucewa ba zai san an taɓa wurin ba.

Wane lokaci ne na aiki, kuma ana hawa in ƙasa ta jiƙe?

Aikin ƙasa da danshi ake yi, don haka kaka da hunturu da farkon bazara ne lokacinsa. Yuli da Agusta ƙasa takan bushe ta zama gari, ko ka daɓe ba ta kamawa, sai a koma sassabe da aikin katako.

Hawa kuwa ya danganta da turbar. Wasu an gina su da dutse da tsakuwa don su jure damina, wasu kuma in ka hau su a jiƙe ka bar kwari mai tsawo wanda ruwa zai bi, ka koma amsar tambayar ruwa ka ga abin da zai biyo baya. Duba manhajar Trailforks kafin ka fito, ana sa halin da turba take ciki. In ka ga tayarka tana barin sawu mai zurfi, juya. In kuma ka tarar da ɗan tafki a tsakiyar hanya, ratsa ta cikinsa, kada ka kewaye, don kewayen nan shi ke mai da siririyar turba ta zama filin ƙwallo.

Akwai daji a bayan gidanmu, ba zan iya haƙa tawa turbar ba?

A'a, sai da izini a rubuce. Babu dajin da ba shi da mai shi a ƙasar nan, ko na birni ne, ko na gunduma, ko na jiha, ko na tarayya, ko na kamfanin katako. Sabuwar turba takan ɗauki shekaru kafin a sa mata diga, a zana, a duba rafuka da fadama, a duba wuraren tarihi na ƙabilun asali, a saurari maƙwabta. Na san abin da cin rai. Amma turbar sata in aka gano ta rufewa ake yi, kuma ƙungiyar da ta shekara tana lallashin hukuma ita ke shan kunyar.

Ko inda aka ba da izinin ma ana iya janyewa. Kingdom Trails a jihar Vermont shahararren wuri ne da aka kafa a 1994, turbobinsa suna bi ne ta filayen mutane masu zaman kansu da suka yarda don kansu. A ƙarshen 2019 uku daga cikin masu filayen suka ce sun hana keke bi ta nasu, aka wayi gari wasu turbobin tsakiyar wurin sun fita daga hannun masu keke.

Me ya sa wasu dazuzzukan aka hana keke kwata-kwata?

Akwai dokar 1964 da ta keɓe wasu dazuzzukan tarayya ta hana shiga da abin hawa mai inji ko makamancinsa, a 1984 kuma hukumar gandun daji ta fayyace cewa keke ma yana ciki. Haka doguwar turbar Pacific Crest da ta taso daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, wadda ta ratsa ta mashigar Snoqualmie a nan kusa da mu, an rufe ta ga keke tun 1988. Masu keke har gobe suna muhawara a kai. Ni dai ina ganin inda aka ba mu ma ba mu gama kula da shi ba.

In na haɗu da masu tafiya a ƙafa ko masu doki, wa zai kauce?

Kai. Mai keke yana kauce wa mai ƙafa da mai doki, mai gangarowa kuma yana kauce wa mai hawowa, sai dai in turbar ta gangarowa ce kawai kuma an rubuta. Doki ya fi buƙatar kula, ka san halinsa da firgita. Tsaya, sauka, koma ɓangaren kwari, sannan ka yi magana, ko sannu ce, don dokin ya ji muryar mutum. Da hular kwano da tabarau da keke bai san ko mene ne kai ba.

Su ma suna da ƙungiyoyinsu na gayya, Washington Trails Association ta masu ƙafa tun 1966 take, kuma akan haɗu a yi aiki tare a turbar da kowa ke bi.

Na tarar bishiya ta faɗo ta tare hanya, in zo da zartona?

Ƙaramin reshe ja shi gefe ka wuce. Babba kuwa ɗauki hoto, ka lura da wurin, ka sanar. Zarto mai inji sai wanda ya yi horo aka ba shi shaida. Bishiyoyin nan manya ne ƙwarai, wadda ta faɗi ta danne wata tana nan a ɗame kamar baka, ka yanke ta inda bai kamata ba ta zabura ta karya maka ƙafa. Bayan guguwar Nuwamba 2024 da ta kakkarya bishiyoyi a yankin Issaquah, masu zarto ne suka fara shiga, mu sauran muna baya muna jan rassa da cike ramukan da saiwoyi suka bari.

Macizai fa? Da sauran namun daji?

Kwantar da hankalinka, yammacin duwatsun Cascade babu maciji mai dafin da za ka ji tsoro, mai ƙararrawa a wutsiya can gabashin jihar yake. Akwai baƙin beyar, galibi shi ke gudu. Akwai kuma wata babbar kyanwar daji da suke kira kuga, ta kusa damisa a girma, ba a cika ganinta ba amma a Mayun 2018 ta kashe wani mai keke kusa da garin North Bend. In kun haɗu kada ka gudu, tsaya ka ɗaga hannu ka yi hayaniya. Abin da ya fi damun mu a zahiri rina ce mai gida a cikin ƙasa, ƙarshen rani in ka sari gidansu da diga za ka san ka taɓo su, sai kuma wani ganye mai ƙaiƙayi da ƙayar bilakberi.

Sallah fa, da abinci, da azumi?

Ni da 'yar dardumata nake shiga a jaka. In lokaci ya yi sai in ce wa shugaban tawaga zan yi minti goma, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga gira ba. Da hunturu ka lura, rana tana faɗuwa tun wajen huɗu da minti ashirin, azahar da la'asar kusa suke da juna. Abinci ka tambaya kafin ka ci, fiza mai jajayen yankan nama galibi alade ne, ɗauki mai cuku zalla ko ka zo da naka. Bayan aiki wasu sukan buɗe giya a wajen motoci, ta kwalba nake nufi ba ta keke ba, ka ce ba ka sha za a miƙo maka lemo, shi kenan. Akwai masu zuwa da karnuka, in ba ka so ya lashe ka faɗa wa mai shi kai tsaye, suna ja da shi. Da azumi kuwa ni nakan zaɓi sassabe ko in huta gaba ɗaya, jidon bokitin ƙasa da baki a bushe ba wasa ba ne.

Mata da yara suna zuwa?

Suna zuwa, akwai ma ranakun da mata zalla suke fita. Hijabi ba ya hana hular kwano zama, a dai sa wanda ba zai maƙale a ƙaya ba. Yara sai da babba a tare da su, kuma a duba sanarwar ranar don wasu ayyukan akwai iyakar shekaru. In yaro zai fara hawa, bi launin alamar turba, kore mai sauƙi ne, shuɗi matsakaici, baƙi na gwanaye, baƙi biyu kuwa kai ma babban tsaya ka kalla tukuna.

Keken lantarki fa?

Kashi uku ne a nan. Na ɗaya yana taimaka maka ne kawai in kana taka feda, har zuwa gudun mil 20 a awa. Na biyu yana da totur. Na uku yana kai mil 28. A jihar Washinton turbar ƙasa da ba ta ababen hawa masu inji ba ce ba a hawanta da shi sai in mai kula da filin ya yarda, don haka karanta allon bakin turba. Baburan lantarki marasa feda kuwa ba keke ba ne ko kaɗan, kwana ɗaya suke tone abin da muka wata muna daɓewa.

Kuɗin kayan aiki da katako daga ina suke fitowa?

Kuɗin rajistar mambobi, gudummawar shagunan keke da kamfanoni, da tallafin gwamnati. Akwai wani asusun tarayya na turbobi da ake cikawa daga harajin man da ababen hawan daji suke sha. Tallafin yakan zo da sharaɗin ƙungiya ta kawo nata kason, kuma awannin 'yan sa kai ana lissafa su a matsayin kuɗi. Takardar nan da na ce ka sa hannu a kai da safe, ita ce shaidar, in ka yi aikin awa biyar ba ka rubuta suna ba ka rage wa ƙungiya wani abu.

Za a iya yin irin wannan a gida?

Duwatsun Shere da ke gefen Jos kaɗai sun isa mai keke ya shekara bai gama ba. Ƙa'idojin ruwa ɗaya ne a ko'ina, sai dai ruwanmu mai ƙarfi ne, magudanai sai sun fi na nan girma da yawa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne maganar izini da na yi a sama, a gida ta fi nan nauyi, don hanyar da ka gani a jikin dutse ta masu zuwa gona ce ko burtalin shanu, kuma akwai mai unguwa da dagaci da suka san ta wane ce. Ni da zan fara, tsohuwar hanyar ƙafa da ruwa ke ci zan nemi a bar mu mu gyara, wadda mai itace da mai tallan nono za su ci moriyarta kafin mai keke.

In aka wayi gari ana ruwa ranar aikin, za a fita?

Za a fita, sai dai in iska ce mai ƙarfi, ita ce ake soke aiki dominta saboda faɗuwar rassa. Ruwa kam ranar ce ma ta fi, da idonka za ka ga inda yake bi. Ka ajiye busassun kaya da leda a but ɗin mota, don in ka shiga gida da takalmin nan uwargida ba za ta saurari bayanin ƙa'idar rabi ba.